Bindigar Mai Gida da Ɓarawon Dare: Yadda Ingila Ta Shata Iyaka

A farkon ƙarni na 19, idan mai gandu a karkarar Ingila ya gaji da masu yi masa satar farauta, yakan ɗura bindiga ya kafe ta a gindin bishiya, ya ɗaura wa kunamarta siririyar waya, ya ja wayar ya gitta ta a kan turbar da ake bi. Duk wanda ƙafarsa ta harɗe da wayar, bindiga ta tashi. Dokokin farauta na lokacin sun keɓe zomo da makwarwa ga manyan masu filaye, har manomin da ke hayar gona ba shi da ikon harbin zomon da ke cinye masa shuka. Talakawa kuwa suna jin yunwa, suna shiga daji da dare. Tarkon bindigar ya sha kama ɓarayin farauta, ya kuma sha kama yara da masu itace, wani lokaci har da mai gadin da ya ɗana shi.

A 1820 wani mutum mai suna Ilott ya shiga kurmin wani Wilkes yana tsintar 'ya'yan itace, ya taka waya, harsashi ya same shi. Ya kai ƙara, kotu ta kore shi, saboda an tabbatar ya san akwai bindigogi a kurmin kafin ya shiga. Shekara 8 bayan haka aka yanke wata shari'ar da har yau ake karantar da ɗaliban lauya. Wani Holbrook yana da lambun furen tulip mai tsada a kusa da Bristol, kewaye da katanga. An taɓa sace masa furanni na kusan fam 20, sai ya ɗana bindiga a cikin lambun. Da aka ba shi shawara ya kafa allon gargaɗi, ya ƙi, ya ce idan ya yi haka ba zai kama ɓarawon ba. Ran nan da yamma, rana ba ta faɗi ba, dawisun maƙwabci ya tsere ya faɗa lambun. Wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Bird ya ga yarinyar gidan maƙwabcin tana neman tsuntsun, ya ce bari ya taimaka. Ya hau katanga, ya yi ta sallama ba a amsa ba, ya dira. Harsashin ya ragargaza masa gwiwa. Kotu ta ce Holbrook ya biya diyya, domin da gangan ya ɓoye bindigar, kuma manufarsa ita ce ya raunata mutum. Wanda yake so ya tsorata ɓarawo, ai sanar da shi yake yi.

Kafin a kai ga wannan hukunci, majalisa ta riga ta motsa. A 1827 ta haramta ɗana tarkon bindiga da tarkon ƙarfe mai kama ƙafar mutum, kuma wanda ya fi kowa dagewa a kan haka shi ne Lord Suffield, mai gandu daga yankin Norfolk, wato ɗaya daga cikin waɗanda tarkon yake yi wa aiki. Sai dai dokar ta bar ƙofa guda: an yarda mutum ya ɗana irin wannan tarko a cikin gidan da yake kwana, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Da aka tattara dokokin laifukan cin zarafin mutum a 1861, aka maido da haramcin tare da wannan togaciya a sashe na 31. Tun daga nan aka ga inda zuciyar doka take. Fure da zomo ba su kai a zubar da jini dominsu ba, amma gidan kwana cikin dare wani abu ne daban, saboda akwai rai a cikinsa.

Wannan bambanci ya girmi tarkon bindiga nesa ba kusa ba. Tun 1532, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka yi dokar da ta wanke wanda ya kashe ɗan fashi a kan hanya ko mai fasa masa gida da dare. A 1604 kuma lauya Edward Coke ya rubuta rahoton shari'ar Semayne, inda aka kamanta gidan mutum da ganuwarsa, maganar da Turawan Ingila ke ɗauko ta har gobe duk sanda gardama ta tashi.

Mai karatu a Arewacin Najeriya yana da rabo a wannan tarihin, ko da bai sani ba. Turawa sun ɗauki waɗannan ƙa'idoji suka zuba su a kundin laifuka na Indiya na 1860, wanda Macaulay ya tsara. Daga Indiya aka kwafo wa Sudan, daga Sudan gwamnatin Sardauna ta ɗauko kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960. Sashe na 66 na kundin ya lissafa inda kare dukiya zai iya kaiwa ga kisa: fashi, fasa gida da dare, cinna wa gidan kwana wuta, da sata ko kutsen da ya zo da fargabar mutuwa ko mummunan rauni. Amma sashe na 62 ya ce kada cutarwa ta wuce abin da kariyar take buƙata, na 63 kuma ya ce babu wannan haƙƙi idan da sararin neman taimakon hukuma. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma, a sashe na 33, ya ambaci kare dukiya cikin dalilan da za su iya halatta kisa, alhali yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wadda daga gare ta aka samo wannan sashe, kare mutum kawai ta ambata. Wanda ya zauna gaban malaman Malikiyya ba zai ji baƙon abu ba a nan, don su ma sun ce a fara yi wa mai farmaki gargaɗi, ba a nufin kashe shi sai an tabbata ba abin da zai tsayar da shi sai hakan.

A can Ingila, majalisa ta share tsofaffin ƙa'idojin daki-daki a 1967 ta maye gurbinsu da jimla guda: mutum na iya amfani da ƙarfin da hankali zai ɗauka, gwargwadon halin da ake ciki, don hana aikata laifi. Daga nan aikin ya koma hannun alƙalai da juri, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu su ce an yi laifi ko ba a yi ba. A shari'ar Palmer da ta zo Landan daga Jamaika, Mai Shari'a Lord Morris ya ce ba a sa ran wanda ke cikin firgici ya auna martaninsa daidai wa daida. A shari'ar Gladstone Williams ta 1983 aka ƙara da cewa za a duba lamarin ne yadda wanda ake tuhuma ya ɗauke shi a zuciyarsa, ko da ya yi kuskure, muddin da gaske ya ɗauka hakan. Duk wannan sassauci ne. Tsananin ya zo a 1995, a shari'ar wani soja mai suna Lee Clegg, wanda ya harbi wata mota a Belfast a 1990 wata yarinya ta mutu. Alƙalan ƙoli suka ce wanda ya yi kisa da ƙarfin da ya wuce kima ba shi da tsaka-tsaki: ko dai a sallame shi ya tafi gida, ko a kama shi da kisan kai da gangan, wanda hukuncinsa ɗaya ne tun da aka daina rataya a 1965, ɗaurin rai-da-rai. A nan Penal Code namu ya fi nasu adalci, a ganina, domin sashe na 222 ya rage laifin wanda ya wuce iyaka da kyakkyawar niyya zuwa kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa.

A wannan shekarar ta 1995 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rufe wata shari'ar da ta ba mutane haushi. Wani tsoho ɗan shekara 76 mai suna Newbery, a garin Ilkeston, ya gaji da ɓarayin da ke fasa masa rumfar lambu, ya koma kwana a cikinta da bindiga. Wani dare a 1988 ya ji ana taɓa ƙofa, ya zura bakin bindiga ta wani rami ya harba ba tare da ganin kowa ba, ya sami wani matashi mai suna Revill a hammata da ƙirji. Juri suka wanke tsohon daga laifi. Sai ɓarawon ya shigar da ƙarar neman diyya, kuma ya ci, ko da yake an zabtare kashi biyu cikin uku saboda laifinsa, ya tashi da kusan fam 4,000. Jama'a suka yi ta aiko wa tsoho da gudunmawa.

A haka ake lokacin da sunan Tony Martin ya fito. An haife shi a 1944, manomi ne a ƙauyen Emneth Hungate, a Norfolk ɗin da Lord Suffield ya fito. Bai taɓa aure ba. Yana zaune shi kaɗai da karnukansa 3 a wani tsohon gida da ya gada mai suna Bleak House, wanda ciyayi suka rufe har ba a hango shi daga hanya. Waɗanda suka shiga gidan bayan abin ya faru sun tarar da shara da ɓaraguzai ko'ina, tagogi da ƙarafa, an cire wasu takun matakalar bene daga sama da ƙasa, an ɗaure tsani a jikin bishiyoyi don leƙen masu zuwa. Da kayansa da takalmansa yake kwana. Ya ce an sha fasa masa gida, kuma a watan Mayu na 1999 an kwashe masa kayan ɗaki na kusan fam 6,000. 'Yan sanda sun ce ba duk sace-sacen da yake faɗi ne suke da labarinsu ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne karkarar ta yi nisa da ofishin 'yan sanda, kuma manoma da yawa sun riga sun fid da rai da samun agaji idan sun kira.

Maganar bindigarsa ita ce mutane suka fi mantawa. A Ingila ba a ba mutum lasisin bindiga don ya ce zai kare kansa ko dukiyarsa. Farauta, wasan harbi da kashe dabbobin da ke ɓarna a gona su ne manyan dalilan da ake karɓa. Martin ya taɓa riƙe lasisin, aka ƙwace a 1994 bayan ya harbi motar wani mutum da ya kama a gonarsa ta tuffa. Wadda ke hannunsa a 1999 ƙirar Winchester ce mai cin harsashi da yawa, irin wadda aka tsaurara wa doka tun bayan kisan gillar da aka yi a garin Hungerford a 1987. Ya ce tsintar ta ya yi. Ba shi da takardarta.

Daren 20 ga Agusta, 1999, mutum 3 suka taso a mota daga garin Newark, tafiyar kusan kilomita 100. Darren Bark, mai shekara 33, ya tsaya a mota. Brendan Fearon, mai shekara 29, da Fred Barras, yaro ɗan shekara 16, suka fasa taga suka shiga da tocila da jaka. Su ukun suna da tarihin hukunci har 114 a tsakaninsu, don haka ba wanda zai ce ɓatan hanya suka yi. Ba su da makami. Suna cikin zuba ƙananan kayan azurfa a jaka cikin duhu sai wuta ta tashi. Martin ya harba sau 3. Harsashi ya sami Fearon a ƙafafu, ya sami Barras a ƙafafu da kuma gadon baya. Dukansu suka yi ta maza suka fita ta taga. Fearon ya shaida wa kotu cewa ya ji yaron yana ba da haƙuri yana kiran uwarsa. Shi Fearon ya ja jiki ya kai gidan maƙwabta, aka kira 'yan sanda. Barras ya faɗi cikin ciyayin da ke kusa da gidan, ba a ga gawarsa ba sai washegari, karen 'yan sanda ne ya gano ta. Martin bai kira hukuma ba, bai kira motar asibiti ba. Ya kai bindigar gidan mahaifiyarsa ya ajiye, ya tafi wani otal a garin Wisbech, a can aka kama shi.

An yi shari'ar a kotun Norwich a watan Afrilu na 2000, gaban Mai Shari'a Owen. Martin ya amsa laifin riƙe bindiga ba lasisi, ya musanta kisan kai. Ya ce yana barci a sama ya ji an fasa, ya sauko zuwa rabin matakala, aka haske masa ido da tocila, tsoro ya kama shi ya harba cikin duhu. Da juri sun yarda da wannan, da ƙa'idojin Palmer da Williams sun ishe shi ya tafi gida. Lauyar gwamnati, Rosamund Horwood-Smart, ta kawo wani labarin. Masana harsashi sun nuna cewa aƙalla harbi 2 ba daga matakala suka fito ba, daga ƙasa aka yi su, kusa da mutanen. Aka kawo shaidun da suka ji shi a tarukan manoma yana cewa harbi ne maganin ɓarawo, da wasu munanan maganganu da ya yi a kan Jifsi, al'ummar nan masu yawo a ayarin motoci, waɗanda Barras ya fito daga cikinsu. A wurin lauyar, mutumin kwanton ɓauna ya yi, ya naɗa kansa alƙali ya kuma zartar da hukunci. Ranar 19 ga Afrilu juri suka kama shi da kisan kai, 10 suka yarda 2 suka ƙi. Aka yanke masa rai-da-rai, da shekara 10 kan raunata Fearon, da shekara 1 kan bindigar.

Ya kamata a lura da su wane ne suka yanke wannan. Mutanen Norfolk ne, masu gidaje, waɗanda su ma suna rufe ƙofa da dare. Sun ga hotuna, sun ji masana, an kai su gidan sun gani da idonsu. Miliyoyin da suka fusata a waje kanun jarida suka karanta.

Fushin kuwa ba ƙarami ba ne. Jaridu suka mai da Martin gwarzon karkara, aka buɗe asusun taimaka masa, wasiƙu suka yi ta kwarara gidan yari. Jagoran 'yan adawa na lokacin, William Hague na jam'iyyar Conservative, ya yi alkawarin sauya doka don ta tsaya wa mai gida. A watan Oktoba na 2001 aka je Kotun Ɗaukaka Ƙara gaban Alƙalin Alƙalai Lord Woolf, da sabon lauya, Michael Wolkind. Mutane da yawa har yau suna zaton wanke shi aka yi a can. Kotun ta ƙi karɓar hujjar kare kai, ta ce juri suna da damar ganin ya wuce iyaka, ta kuma ƙi yarda a auna girman haɗarin da ma'aunin mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke ƙara masa tsoro. Abin da ya cece shi shaidar likitan ƙwaƙwalwa ce, cewa yana fama da ciwon zargin mutane da baƙin ciki mai tsanani, wanda ya rage masa nauyin alhakin abin da ya aikata. Da wannan aka sauke laifin zuwa kisan da bai kai na ganganci ba, aka mai da ɗaurin shekara 5, na raunata Fearon kuma shekara 3 a haɗe. Hukumar sassauci ta ƙi sakinsa da wuri a farkon 2003, musamman don ya ƙi nuna nadama. Ya fito ranar 28 ga Yuli, 2003. Jaridar Daily Mirror ta biya shi fam 125,000 don ya ba ta labarinsa.

Fearon, wanda aka ɗaure shekara 3 kan haɗa baki a fasa gidan, ya so ya bi sawun Revill. Ya samu tallafin lauya daga kuɗin gwamnati ya nemi diyyar rasa abin yi, daga baya ya janye. Wannan yunƙuri nasa ne ya fi saurin haifar da doka: a 2003 majalisa ta ce wanda aka kama da laifi ba zai kai ƙarar wanda ya ji masa rauni a lokacin aikata laifin ba sai da izinin kotu, kuma ba zai ci ba sai ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce kima matuƙa. A ƙarshen shekarar wani shirin safe na gidan rediyon BBC ya ce masu sauraro su zaɓi dokar da suke so, ɗan majalisa Stephen Pound zai gabatar da ita. Wadda ta ci ita ce a bar mai gida ya kare gidansa ta kowace hanya. Pound ya zame, ya ce ba da shi ba. A 2005 ofishin gabatar da ƙararraki da shugabannin 'yan sanda suka raba wa jama'a takardar bayani, kuma shugaban ofishin, Ken Macdonald, ya ce binciken da suka yi ya gano mutum 11 kacal da aka gurfanar cikin shekara 15 saboda sun far wa mai kutse, 7 daga ciki a gidajen kwana. Wato abin da ake ta kururuwa a kansa bai cika faruwa ba. A 2008 aka zuba ƙa'idojin Palmer da Williams a cikin rubutacciyar doka, sashe na 76, ba tare da an canza ma'anarsu ba.

A watan Satumba na shekarar wani ɗan kasuwa Musulmi a High Wycombe, Munir Hussain, ya dawo daga masallaci da iyalinsa cikin azumi, suka tarar da mutane masu wuƙaƙe da rufaffun fuskoki, aka ɗaure su. Da ya kuɓuce, shi da ɗan'uwansa suka bi ɗaya daga cikin maharan a kan titi suka yi masa dukan da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Aka ɗaure Munir wata 30, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da shi ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka a Janairun 2010, amma ta bar laifin a kansa, domin lokacin da aka yi dukan haɗarin ya riga ya wuce. A 2012 kuma wani magidanci a wata gona kusa da Melton Mowbray ya harbi ɓarayin da suka fasa masa gida da dare shi da matarsa suna ciki. Bindigarsa tana da lasisi, shi ya kira 'yan sanda. An tsare su 'yan kwanaki, aka sake su ba tuhuma, aka ɗaure ɓarayi 2 shekara 4 kowannensu, alƙali ya gaya musu cewa wanda ya zaɓi fasa gidan mai bindiga ya sayi harbi da kuɗinsa. Tsakanin wannan mutum da Martin, bambancin a bayyane yake, kuma doka guda ce ta yi aiki a kan su biyun.

Duk da haka gwamnatin David Cameron ta cika alkawarin da jam'iyyarta ta daɗe tana yi. A 2012 aka rubuta ƙarara cewa ba dole ne mutum ya gudu kafin ya kare kansa ba. A watan Afrilu na 2013, bisa jagorancin ministan shari'a Chris Grayling, aka ƙara wani sashe na musamman ga mai gida: idan yana cikin gidan kwanansa ya gamu da wanda ya ɗauka mai kutse ne, ba za a ce ya yi laifi kai tsaye don ƙarfinsa ya ɗan wuce kima ba, sai idan ya wuce matuƙa. 'Yan siyasa suka yi ta shelar cewa an kwance wa mai gida hannu. Wanda ya karanta sashen da kyau zai ga sharaɗin da aka saka: wannan rangwame na wanda ke kare kansa ne ko wani mutum. Mai kare dukiya kawai, ko wanda ya bi ɓarawo tsakar lambu ko kan titi, yana nan kan tsohuwar ƙa'ida. A 2016, a ƙarar da mahaifin wani mai kutse mai suna Denby Collins ya shigar bayan an shaƙe ɗansa ya faɗa dogon suma, Babbar Kotu ta ƙara rage wa sashen kaifi, ta ce ko ƙarfin bai wuce matuƙa ba, dole juri su sake tambayar ko hankali zai ɗauke shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan fassara a shari'ar Ray ta 2017.

Tony Martin ya rayu ya ga duk waɗannan gyare-gyare da aka yi ta yi da sunansa. Ya sha cewa zai nemi a share masa laifin, ya kuma sha gaya wa 'yan jarida cewa bai ga abin da ya yi ba daidai ba. Ya ci gaba da noman filinsa, amma bai koma zama a Bleak House ba. Ya rasu ranar 2 ga Fabrairu, 2025, yana da shekara 80, hukuncin 2001 yana nan a kansa ba a soke ba.